Daga shago zuwa zauren majalisa: tambayoyi da amsoshi kan ɗan kasuwar da ya zama ɗan majalisar jiha a Filato

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato a Jos, sai ka ji an ce Alhaji mai shagon kayan gini ya fito, ko mai gidan man nan ya sayi fom, ko shugaban 'yan kasuwar layi kaza yana neman majalisar jiha. Daga nan muhawara ta tashi a majalisun unguwa, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, daga Rikkos zuwa Bukur. Wasu su ce gara mai arzikinsa, ba zai saci na jama'a ba. Wasu su ce ai jari ya zuba, riba zai nema. Ga tambayoyin da aka fi yi kan irin wannan mutum, da abin da doka da tarihin jiharmu suka nuna.

Shin wane ne ɗan majalisar jiha, kuma su nawa ne a Filato?

Shi ne wanda mazaɓa guda ta tura majalisar dokokin jiha na shekara 4. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisar jiha kada ta gaza mutum 24, kada kuma ta wuce 40. Filato tana da 24 daga ƙananan hukumomi 17, don haka wasu ƙananan hukumomin suna da kujeru biyu. Jos ta Arewa tana cikinsu. Ɗan majalisar jiha ba shi ne wanda ke zuwa Abuja ba. Waɗancan su ne 'yan majalisar wakilai 8 da sanatoci 3 da jihar take da su. Mutane da yawa suna cakuɗa su, shi ya sa za ka ga an tare ɗan majalisar jiha ana neman ya gyara titin tarayya.

Me ake buƙata kafin mutum ya tsaya? Dole sai mai digiri?

A'a. Sashe na 106 na kundin tsarin mulki ya ambaci abu huɗu: ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Da shekara 30 ne, sai a 2018 aka rage, lokacin da Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyaran da matasa suka daɗe suna nema.

Sashe na 107 kuma ya lissafa waɗanda aka hana. Akwai wanda kotu ta tabbatar ya karye a harkarsa, bashi ya fi ƙarfinsa, kuma ba a wanke shi ba tukuna. Wannan ya shafi ɗan kasuwa kai tsaye. Akwai wanda aka samu da laifin rashin gaskiya cikin shekara 10 kafin zaɓen, da ɗan ƙungiyar asiri, da wanda ya miƙa wa hukumar zaɓe takardar bogi. Ma'aikacin gwamnati kuma sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin ranar zaɓe.

Maganar takardar bogi ita ta fi kayar da 'yan kasuwa. Mutum ya tashi a kasuwa tun yana yaro, lissafinsa ya fi na mai digiri, amma sai wani ya ba shi shawarar ya ƙara wa kansa takardar da bai yi ba don kada a raina shi. Ba a buƙatarta, kuma ita ce abokin hamayya zai fara bincika.

Me ya sa 'yan kasuwa suka yi yawa a takarar?

Saboda takara tana cin kuɗi, kuma su ne ke da shi a hannu. A zaɓen 2023, fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, a PDP naira dubu 600. A lokacin, dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade cewa ɗan takarar wannan kujera kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. Fom kuwa shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin. Akwai zaɓen fidda gwani da hidimar daliget, akwai fasta, motocin yawon kamfe, ejan-ejan da za su tsaya a kowace rumfa, sannan lauyoyi idan an tafi kotu, kuma galibi ana tafiya. Malamin makaranta mai ra'ayi mai kyau ba kasafai yake iya wannan ba sai da ubangida.

Amma ba kuɗi kaɗai ba ne. Ɗan kasuwar da ya yi shekaru a Katako ko 'Yan Taya yana da jama'a tun kafin ya san zai yi siyasa. Ya yaye yaran shago, ya ba da kaya bashi, ya tsaya wa wani a ofishin 'yan sanda, ya sasanta rikicin rumfa. Da yawa daga shugabancin ƙungiyar kasuwa suke farawa, su yi kansila ko wani muƙamin jam'iyya a mazaɓa, sannan su ɗaga ido sama. A ganina wannan hanya ba abin rainawa ba ce. Wanda ya iya riƙe ƙungiyar 'yan kasuwa ba tare da an zarge shi da cin kuɗin asusu ba, ya ci jarrabawar da ta fi ta takarda wuya.

To idan ya ci, zai ci gaba da zama a shagonsa?

A nan ne yawancin mutane ba su san doka ba, har da wasu 'yan takarar. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin tsarin mulki ta haɗa da 'yan majalisa, kuma ta hana mai riƙe da muƙamin cikakken lokaci shiga cikin gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta kansa. Noma kaɗai aka ware. Don haka wanda ke da gonar dankalin Turawa a Bokkos ko ta masara a Mangu zai iya ci gaba da nomansa, amma mai kamfanin sufuri ko shagon siminti dole ya janye hannunsa daga tafiyar da shi.

Ba a ce ya sayar da dukiyarsa ba. Abin da masu kiyayewa suke yi shi ne su sauka daga darakta a takardun rajistar kamfani, su cire sunansu daga masu sa hannu a asusun banki, su miƙa ragama ga ƙane ko ɗa ko wani amintaccen yaro. Wanda ya san kasuwa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya saba da asuba ya buɗe sito da kansa, ya ƙirga buhu, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, yanzu an ce ya miƙa makulli da littafin bashi ya koma gefe. Kwastoma kuma ya saba da fuskarsa. Sai ka ji ana ce wa ƙanen, “Ni da Alhaji muke magana, kira min shi.” Shagunan da suka durƙushe bayan mai su ya shiga siyasa, da yawa a nan suka fara tangaɗi, ba a wajen kamfe ba.

Akwai wata ƙa'idar da ta shafi masu shigo da kaya daga Sin ko Dubai: an hana ɗan majalisa riƙe asusu a bankin da ke wata ƙasa. Asusun dala a bankin cikin gida daban ne. Sannan kafin ya zauna a kujerarsa sai ya bayyana kadarorinsa da basussukan da ke kansa, ya sake bayyanawa idan wa'adi ya ƙare. Kotun ɗa'ar ma'aikata tana da ikon raba wanda ya saɓa da kujerarsa, ta hana shi muƙami har shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da aka samu ta wannan hanya.

Na san za a ce ai ba a bin wannan. Gaskiya ne ana karya ta sosai. Amma dokar tana nan, kuma ranar da aka ɓata da mai iko ita ake zarowa.

Kamfaninsa zai iya karɓar kwangilar gwamnatin jiha?

Sakin layi na farko na ƙa'idar ɗa'a ya ce kada jami'i ya sa kansa a inda son ransa zai ci karo da aikinsa. Dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya yi amfani da muƙaminsa ya jawo wa kansa ko ɗan'uwansa wata moriya ta haram. Ka duba yadda abin yake a aikace: ɗan majalisa yana kwamitin ayyuka, shi ya amince da kuɗin gina ajujuwa, kamfanin ƙanensa ya karɓi aikin, sannan shi ne zai je duba ko an yi daidai. Wa zai ce rufin yana yoyo? Ko da sunansa bai fito a takarda ba, mutanen unguwa sun san motar wa ta kawo yashi.

Wannan ne wurin da nake ganin ɗan kasuwa ya fi kowa fuskantar jarrabawa. Duk rayuwarsa an koya masa cewa kuɗin da ya fita dole ya dawo da riba. Ɗabi'a ce mai kyau a kasuwa. Idan ya shigo da ita majalisa, ya ɗauki abin da ya kashe a kamfe a matsayin jari, to daga ranar rantsuwa ya daina wakiltar kowa sai aljihunsa, kuma gwamna ya samu igiyar da zai riƙa jan sa da ita.

Mene ne ainihin aikinsa, in ba rabon kaya ba?

Yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan yadda ake kashe shi. Gwamna ba shi da ikon taɓa kuɗin jiha sai da dokar kasafi da majalisa ta zartar. Kwamishinoni sai ta tantance su. Sashe na 128 da na 129 sun ba ta ikon bincike da gayyatar duk wanda take so ya zo ya yi bayani. Idan ta zartar da ƙuduri, gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa za su iya mayar da shi doka ba da shi ba. Ita ce kuma ke yin dokokin da ƙananan hukumomi ke tafiya a kai. Ko gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa ba ya yiwuwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Dole majalisar ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara.

Da Turanci ake zaman, kodayake sashe na 97 ya yarda majalisa ta ƙara wani harshen jihar idan ta yanke hakan. Don haka wanda ba ya iya karanta takardar kasafi da kansa zai sha wuya, komai yawan jama'arsa.

Akwai abin da ɗan kasuwa ya fi sauran sani da zai amfani majalisa?

Akwai, kuma shi ne dalilin da ya sa ban goyi bayan masu cewa a bar siyasa ga 'yan boko ba. Ka je Farin Gada da sassafe lokacin da motocin tumatir da kabeji da karas suke sauke kaya. Ka tambayi direba ya nuna maka rasit ɗin da ya tara tun daga gona: na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, na shiga kasuwa, na sauke kaya, ban da wanda aka karɓa a shinge ba tare da rasit ba. Duk wannan a kan kwandon tumatir yake sauka, matar da ta zo cefane ita ke biya. Lauya zai karanta dokar haraji ya ga tsari. Wanda ya taɓa biyan waɗannan kuɗaɗe da hannunsa zai gane inda aka karɓi abu ɗaya sau uku. Idan ana muhawara kan dokar kuɗin shiga ta jiha, muryarsa ake buƙata.

Haka wajen kasafi. Idan ma'aikata ta rubuta farashin siminti ko rodi ko kwanon rufi, mai shagon kayan gini ba sai ya kira kowa ba, ya san farashin jiya da na yau. Tambaya ɗaya daga bakinsa a zaman kwamiti za ta iya ceto kuɗin da ya fi duk shinkafar da zai raba a azumi.

Sai babbar kasuwar Terminus, wadda ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Fiye da shekara 20 ke nan gwamnatoci suna zuwa suna wucewa da alƙawarin sake gina ta, 'yan kasuwa suna baje kaya a gefen titi ana kora. Wa ya kamata ya riƙa tayar da wannan magana kowace shekara a lokacin kasafi, ya tambayi yadda za a raba shaguna idan an gina, da makomar waɗanda suka yi asara, in ba wanda ya fito daga cikinsu ba?

Me ya sa kullum ƙofar gidansa cike take da mutane?

Saboda shi ne gwamnatin da talaka ke iya gani da ido. Bayan sallar asuba za ka tarar an jeru a benci. Dattijuwa da takardar magani a ƙulle a gefen zani. Saurayi da takardar shiga jami'a, kuɗin rajista ya gagara. Wani matarsa ta haihu, suna jibi. Wani kuɗin haya. Kowa ya shiga ya ce, “Onarabul, Allah ya ƙara girma, wata 'yar matsala ce ta kawo ni.” Babu mai zuwa ya tambayi yadda ya kaɗa ƙuri'a kan dokar haraji.

Ba na zargin waɗannan mutane, buƙatarsu ta gaskiya ce, kuma taimako ɗabi'armu ce da addini ya ƙarfafa. Amma a san abin da ke biyo baya. Albashi ba ya ɗaukar wannan layi. Ɗan kasuwa yakan fara da aljihunsa, ya taɓa ribar shago, ya gangara kan uwar kuɗi. Idan ta ƙare, saura hanya ɗaya: ya lallaɓa ɓangaren zartarwa. Wanda kuwa yake jiran alfarma daga kwamishina ba zai iya tsare shi da tambaya kan dalilin da asibitin unguwa ba shi da magani ba, alhali rashin maganin ne ya kawo dattijuwar ƙofarsa tun farko.

Nawa ne albashinsa?

Hukumar rabon arzikin ƙasa, RMAFC, ita ke ƙayyade albashi da alawus na 'yan majalisa, kamar yadda sashe na 111 ya tanada. Kuɗin gudanar da ofis da na ayyukan kwamiti daban suke, kuma sun danganta da kasafin kowace jiha. An yi gyaran kundin tsarin mulki a 2018, aka sake a 2023, don majalisun jihohi su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye maimakon jiran sa hannun gwamna. Babban ɗan kasuwa dai da wuya albashin ya kai abin da yake samu a harkarsa.

Yana da kariya daga kamu kamar gwamna?

Ba shi da ita. Sashe na 308 shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu kawai ya rufe. Abin da ya faɗa a zauren majalisa ne ba a kai shi ƙara a kai. Bashin kasuwa ko cek ɗin da ya dawo, zai amsa kamar kowa.

Kujerar za ta iya suɓuce masa kafin shekara 4?

Ɗan Filato ba ya buƙatar a ba shi labarin wata jiha. A watan Mayun 2004 Shugaba Obasanjo ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye tare da majalisar baki ɗaya na wata 6, ya naɗa Janar Chris Alli mai ritaya kantoma. A Nuwambar 2006 wasu 'yan majalisa da ba su kai goma ba suka ce sun tsige Dariye, kotu ta rushe tsigewar a 2007 domin ba a cika kashi biyu bisa uku na 24 ba. A Oktoban 2021 mutum 8 suka sanar da tsige kakaki Abok Nuhu Ayuba, majalisa ta rabu gida biyu, aka daɗe ana shari'a.

Na baya-bayan nan shi ya fi zafi. A Nuwambar 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen 'yan majalisa 16 na PDP, bisa hujjar cewa jam'iyyar ba ta da halastaccen shugabanci a jihar lokacin da ta tsayar da su. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi wannan hujja a shari'ar Gwamna Caleb Mutfwang, ta tabbatar masa da kujerarsa. Su kuwa 16 ɗin ba su da hanyar zuwa can, domin shari'ar zaɓen majalisa a kotun ɗaukaka ƙara take tsayawa. Mutum ya ci ƙuri'a a rumfa, ya kashe abin da ya tara, kujera ta tafi saboda rikicin jam'iyyar da ba shi ya haddasa ba. Duk ɗan kasuwar da ke shirin sayar da fili ko cin bashin banki don takara, ya fara zama da lauya ya binciki lafiyar shugabancin jam'iyyarsa kafin ya sayi fom.

Ban da kotu, sashe na 109 ya ce kujera ta faɗi idan ya sauya sheƙa ba tare da jam'iyyarsa ta dare ba, ko ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaman shekara babu ƙwaƙƙwaran dalili. Mai yawan tafiyar saro kaya ya lura da wannan.

Mu da muka zaɓe shi, za mu iya yi masa kiranye?

Doka ta yarda, amma hanyar tana da tsauri. Sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu kan takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A yawancin mazaɓu waɗanda ke fitowa zaɓen ma ba su kai rabin masu rajista ba. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 a wajen tantance sa hannu ya mutu. Abin da ya fi sauƙi shi ne ƙungiyar kasuwa ko ta unguwa ta gayyace shi zama, ta tambaye shi kwamitocin da yake ciki, ƙudurin da ya kawo, da abin da aka sa wa mazaɓar a kasafin bana, ta kuma tura wakilai duk lokacin da majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a.

Bayan ya sauka, me yakan biyo baya?

Wasu su haura. Simon Lalong, wanda lauya ne, daga kujerar Shendam ya zama kakakin majalisar, daga baya ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Wasu su nemi majalisar tarayya ko a ba su muƙami. Mafi yawa kasuwa suke komawa, kuma abin da za su tarar ya danganta da wanda suka bar wa makulli da kuma yawan abin da suka ɗiba. Kasuwa ba ta jira. Cikin shekara 4 ko 8 dilolin sun canja, yaran da ya yaye sun zama abokan gogayya, kamfanin da ke ba shi kaya bashi ya samu wani. Wanda ya bar littafinsa a tsare yakan koma ya zauna lafiya. Wanda ya cinye uwar kuɗi shi ne za ka ga ya kasa rabuwa da gidan gwamnati, kowa ya hau yana tare da shi.

Ni ɗan Jos ne amma a Abuja nake kasuwanci. Wane ne ɗan majalisar jihata?

Ya danganta da inda ka yi rajista. Abuja ba ta da majalisar dokokin jiha. Majalisar tarayya ce ke yi mata doka, kuma tana da sanata 1, 'yan majalisar wakilai 2, da ƙananan hukumomi 6 masu shugabanni da kansiloli. Idan katinka na Wuse ko Dei-Dei ne, ranar zaɓen gwamnoni da majalisun jihohi ba ka da ƙuri'a. Idan kana son ka zaɓi wakilin unguwarku a Jos, sai ka nemi hukumar zaɓe ta mayar da rajistarka can a lokacin da aka buɗe sabunta rajista, domin ana rufewa watanni kafin zaɓe.